Yadda Ake Bin Diddigin Tarihin Birnin Dnipro da Tsarin Mulkin Lardinsa

Duk wanda yake son ya yi rubutu ko ya fassara labari a kan Dnipro, birnin ƙarafa da rokoki da ke bakin kogin Dnipro a ƙasar Yukren, ya fara da jera sunayen garin tare da shekarunsu a gefen takarda, domin kowane suna yana nuna wanda yake riƙe da mulki a lokacin. An kafa shi a 1776 da sunan Yekaterinoslav don girmama Sarauniya Katarina ta Biyu ta Rasha, aka mayar da shi wurin da yake yanzu a 1787. Bayan rasuwarta ɗanta ya canza masa suna zuwa Novorossiysk, sai aka dawo da tsohon sunan a 1802. A 1926 gwamnatin Sobiyet ta haɗa sunan kogin da na Grigory Petrovsky, wani jigon 'yan kwaminis, ya zama Dnipropetrovsk, sannan a watan Mayun 2016 majalisar dokokin Yukren ta cire sunan mutumin. Idan ka rubuta cewa an kafa garin a 1776, ka faɗi cewa lissafin daular Rasha ke nan, saboda akwai masana tarihi na Yukren da suke farawa daga sansanin Kodak da aka gina a 1635 da ƙauyukan mayaƙan Kosak na yankin.

Daga nan sai ka buɗe taswira. A yamma akwai tamar Kryvyi Rih, a gabas akwai kwal ɗin Donbas, birnin kuma yana tsakiya. Layin dogo da gadar da aka buɗe a 1884 su ne suka haɗa waɗannan biyun, cikin 'yan shekaru kuwa aka kunna manyan tanderun narka ƙarfe, garin da a dā bai kai ya kawo ba ya cika da ma'aikata. Wanda bai gane wannan ba zai yi ta lissafa masana'antu ba tare da ya san dalilin zamansu a wurin ba.

Labaran zamanin Sobiyet suna buƙatar taka-tsantsan, domin masana'antar Yuzhmash, wadda yanzu ake kira Pivdenmash, tana ƙera makamai masu linzami masu cin dogon zango, shi ya sa aka hana baƙi 'yan ƙasashen waje shiga birnin daga 1959 har zuwa ƙarshen shekarun 1980. Leonid Kuchma ya shugabanci masana'antar kafin ya zama shugaban ƙasa a 1994.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen tsarin mulki. Birnin ya zama Dnipro, amma lardin da aka kafa a 1932 har yanzu sunansa Dnipropetrovsk, saboda an rubuta sunayen lardunan a cikin kundin tsarin mulki, ba a kuma iya taɓa kundin muddin ana ƙarƙashin dokar soja, wadda aka kafa a ƙasar saboda yaƙi da Rasha. Saboda haka in ka ji an ce an kai hari a Dnipropetrovsk, kada ka yi gaggawar cewa birnin ne. Ka nemi sunan garin, wataƙila Nikopol ne ko Pavlohrad ko Kryvyi Rih, kuma tsakaninsu da Dnipro tafiya ce mai nisa.

Haka nan ka tantance mai magana. Magajin gari, wato Borys Filatov wanda ya hau a 2015, jama'ar birnin ne suka zaɓe shi, kuma ruwan sha da motocin haya da gyaran tituna suna hannun majalisarsa. Shugaban hukumar lardi, wanda 'yan jarida suke kira gwamna, shugaban ƙasa ne yake naɗa shi yake kuma sauke shi, kamar yadda gwamnati take naɗa gwamnonin jihohi a Nijar, kuma tun daga 24 ga Fabrairu 2022 hukumar tasa ta koma ta soja. Ihor Kolomoisky, attajirin da yake cikin waɗanda suka kafa PrivatBank a birnin, ya riƙe wannan muƙami daga Maris 2014 zuwa Maris 2015. Akwai kuma majalisar lardi wadda ake zaɓa, mai amincewa da kasafin kuɗi, ita ma da nata shugaban daban.

Kalmar raion, wato gunduma, ita ma tana da fuska biyu. Gyaran da aka yi a 2020 ya rage gundumomin lardin daga 22 zuwa 7, ɗaya daga cikinsu sunanta Dnipro kuma ta haɗa da garuruwa da ƙauyukan da ke kewaye, alhali a cikin birnin kansa akwai wasu gundumomi 8 na unguwanni. Idan takardar da ke hannunka ta riga 2020, ka duba ko gundumar da ta ambata tana nan, ko kuwa an haɗe ta da wata.