Darasi na Tara: Ma'ajiya Ɗaya, Kwamfutoci Daban-daban

Wata Hajiya mazauniyar Jidda ta tara hotunan bikin 'yarta da bidiyon Umrar mahaifiyarta a ma'ajiyar waje, wadda masu shago suke kira hardis. Da kwamfutar gida mai Windows ta zuba su. Da ta kai wa ɗanta a Madina, shi kuma Mac gare shi, wato kwamfutar kamfanin Apple, ya buɗe ya ga komai, amma ko hoto ɗaya ya kasa ƙarawa. Hankalinta ya tashi. Ya ce, "Umma, ki kwantar da hankalinki, ba lalacewa ta yi ba, tsarinta ne daban."

Kowace ma'ajiya tana da tsarin jera bayanai, kamar littafin da mai shago yake rubuta inda ya ajiye kowane kaya. Windows ta fi aiki da NTFS. Mac tana karanta shi, amma ba ta rubutu a kansa, abin da ya faru da Hajiya ke nan. Apple ma yana da nasa, APFS, tun 2017, wanda Windows ba ta iya buɗewa. Akwai tsohon tsari, FAT32, na 1996, wanda kusan kowace na'ura ta sani, har talabijin da rediyon mota. Aibinsa shi ne ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabayit 4, don haka dogon bidiyon walima ba zai shiga ba.

Wanda ya fi dacewa da mu shi ne exFAT, da Microsoft ya fitar a 2006. Windows da Mac duka suna karanta shi suna rubutu a kai, Linux ma, wata manhajar tafiyar da kwamfuta irin Windows, ya shigar da shi cikin ainihin tsarinsa a 2019, kuma manyan fayiloli suna shiga.

Canza tsari shi ake kira fomatin, kuma yana share duk abin da ke ciki. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, a nan nake roƙonku ku natsu. Ku fara kwafe komai zuwa wani wuri, ku buɗe wasu hotunan ku tabbatar sun kwafu. Idan kun jona ma'ajiya kwamfuta ta ce a yi mata fomatin, kada ku amsa da gaggawa. Sau da yawa tsarin ne kawai ba ta gane ba, kayanku suna nan. Hoton mahaifi da ya rasu ba a sayensa a kasuwa.

A Windows, danna sunan ma'ajiyar da maɓallin dama na linzami, zaɓi Format, sannan exFAT, ka danna Start. Kwamfutoci da yawa a nan Saudiyya da Larabci suke, kalmar Format a cikinsu ita ce تهيئة. A Mac, buɗe Disk Utility, zaɓi ma'ajiyar, danna Erase, ka ɗauki ExFAT. Duba sunan sau biyu, kada ka share wata.

Shi exFAT ba ya riƙe rajistar aikin da yake kai kamar NTFS, saboda haka fizge waya ana cikin kwafi yana iya ɓata fayil. Kullum ka umarci kwamfuta ta saki ma'ajiyar kafin ka zare. Kada kuma ka bar ta a mota da rana, zafin Makka ba ya raga wa na'ura.

Aiki: jona ma'ajiyarka ko filas ɗinka a Windows, danna dama, zaɓi Properties, wato خصائص, ka rubuta sunan tsarin da ka gani a littafinka, ka zo da shi aji na gaba.