Kurakuran da baƙo ke yi a wurin bautar Mariamman

Ɗalibanmu da masu jinya da ke zuwa Chennai ko Madurai, biranen jihar Tamil Nadu a kudancin Indiya, sukan dawo da hotunan wasu manyan gumaka masu gashin baki, riƙe da adda, su ce ga abin bautar ƙauyen Tamil. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Waɗancan ƙattin dogarai ne. Mai wurin tana can ciki, a wani ɗan ɗaki mai duhu, kuma sau da yawa ba ta wuce dutse ɗaya ko siffar kai kawai da aka shafe da kurkum ba. Sunanta Mariamman, wadda mutanen karkarar Tamil Nadu ke roƙo ruwan sama da sauƙin cututtukan zafi. In kana son gane wa ke da wurin, kada girman gunki ya ruɗe ka, duba inda layin mutane ya nufa.

Daga nan sai a riƙa haɗa dogaran a ce duk ɗaya ne. Baƙin gunkin nan mai adda shi ne Karuppasamy. Madurai Veeran yakan tsaya da takobi kusa da ƙofa. Aiyanar kuwa yawanci nasa wurin yana bayan gari, kusa da tafki, kewaye da dawakan yumɓu da magina 'yan ƙabilar Velar ke ginawa, don an yi imani yana sintiri a kansu da dare. Ƙananan duwatsu bakwai da za ka gani a jere ba kan iyaka ba ne, 'yan mata bakwai ne da ake kira Kannimar, don haka kada ka zauna a kai ka ɗaure takalmi.

Finafinan Indiya sun sa mun ɗauka kowane mai hidimar wurin bauta Brahmin ne, wato ɗan ajin malaman addinin Hindu, kuma Hindu ba ya yanka. A ƙauye ba haka abin yake ba. Mai hidimar wurin, wanda suke kira pujari, yakan fito daga manoma ko magina, yana gadon aikin daga ubansa. Ana yanka akuya da zakara, amma da tsari: Karuppasamy ake yi wa, Aiyanar ba ya karɓar jini, har a wasu wurare akan ja masa labule kafin a yanka. A 2003 gwamnatin Jayalalithaa, babbar ministar Tamil Nadu a lokacin, ta tashi aiwatar da dokar 1950 da ta hana wannan yanka. Jama'a suka ƙi, a 2004 aka soke dokar gaba ɗaya.

Abin da ya fi ba baƙo wuya shi ne yadda ake kallon cuta. Mu mun saba raba mai sa ciwo da mai warkarwa, su kuwa a wurinsu agana ko ƙarambau zuwan Mariamman ce jikin mutum. Shi ya sa ba a zagin ciwon, lallashinsa ake yi, a shimfiɗa wa majinyaci ganyen dogonyaro, itacen nan da asalinsa daga yankin Indiya ya zo mana. An ayyana kawar da agana daga duniya a 1980, amma bikin Mariamman na watan Aadi, tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta, yana nan, ana raba kunun tamba ko gero mai tsami da suke kira koozh. In an miƙo maka ba ka so, ka ƙi cikin ladabi, ba wanda zai ji haushi.

Sauran na ladabin shiga ne. Cire takalmi tun daga waje, in za ka zagaya ka bar ɗakin a hannun damanka, kada ka ɗauki hoton ciki sai da izini. Manyan wurare irin Samayapuram kusa da Tiruchirappalli suna ƙarƙashin hukumar gwamnati, kuma a Janairun 2024 Babbar Kotun Madras ta ce wanda ba Hindu ba kada ya wuce sandar tuta a irin waɗannan wurare. Karanta allon ƙofa kafin ka sa ƙafa.