Idan mijin da ke dukanki ya ce zai karɓe yara

Sau huɗu na raka ƙanwata kotun shari'a a Kaduna, bayan ta baro gidan miji da fasasshen leɓe, da yaro a baya da yarinya a hannu. Wadda ke cikin irin halinta nake wa wannan bayani.

Ki fara zuwa asibiti a ranar da abin ya faru, ko da raunin bai kai ya kawo ba. Ki ce a rubuta abin da aka gani, ki ɗauki hoto, ki ajiye katin a gidan iyayenki. Alƙali da hujja yake aiki, kuka kaɗai ba ya isarsa. Mu katin nan ne ya tsaya mana, sai maƙwabta biyu da suka yarda suka faɗi abin da suka sha ji ta katanga. A mazhabar Malikiyya ana karɓar shaidar abin da ya bazu a unguwa game da cutar da mace, don haka kada ki raina mai unguwa da matan layinku.

Riƙon yara kuwa, wato hadana, haƙƙinki ne tun asali: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Ko kin sake aure, mahaifiyarki ce ke gaba da uban. Ci da sutura da kuɗin makaranta suna wuyansa. Ki roƙi alƙali ya yanka adadi a rubuce.

A nan aka so a yi wa ƙanwata wayo. Mijin ya ce zai amince da khul'i, wato rabuwar da mace ke fansar kanta, in ta bar masa yaran. Kada ki sa hannu a irin wannan takarda don ɗokin rabuwa. Idan cutarwa ta tabbata, alƙali na da ikon raba auren ba tare da kin biya ko sisi ba.

Uba zai nemi ganin 'ya'yansa, kuma yana da wannan haƙƙi. Ki nemi a riƙa haɗuwa a gidan kakarsu, da rana, da wani babba a zaune. In barazana ta ci gaba, dokar hana cin zarafin mutane, wato VAPP, da Kaduna ta amince da ita a 2018 ta ba kotu damar hana shi kusantarki. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana taimaka wa marasa hali, kuma in hukunci bai yi miki ba, ki karɓi kwafinsa nan take ki ɗaukaka ƙara kafin wa'adi ya wuce.