Kurakuran da aka fi yi wajen tsara fiffiken jirgi mai saukar ungulu mai murɗa kansa

Duk shekara ɗaliban injiniya a nan Kano suna kawo mini aiki a kan fiffiken farfelar jirgi mai saukar ungulu, irin wanda ake yi da zaren kabon ko na gilashi, a shimfiɗa zaren fiyezo (wani irin yumɓu da ke miƙewa ko ya tsuke idan wutar lantarki ta shige shi) a cikin fatarsa domin ya murɗa kansa idan an ba shi wuta, kuma abin da na gyara bara shi nake sake tararwa bana. Amfanin fasahar shi ne rage jijjiga da ƙara, kuma don haka ne hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, da rundunar sojan Amurka da jami'ar MIT suka gwada irin wannan farfela a cibiyar Langley ta NASA wajen shekarar 2000.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne a umarci manhaja ta nemo tsarin da ya fi murɗawa, ba tare da an gindaya mata wani sharaɗi ba. Kwamfuta abin da aka tambaye ta take bayarwa: za ta sirantar da ƙashin fiffiken, ta rage masa tauri, ta jibga fiyezo, sai lamba mai daɗin gani ta fito a allo. Amma wannan lamba ta fiffiken da ke ajiye ce. Da zarar farfela ta fara juyawa, ƙarfin da ke fizgar fiffiken waje yana hana shi murɗawa yadda aka lissafa, kuma yawan kaɗawarsa na asali yana sauyawa. A farfela mai fiffike 4, bugun iska sau 3 da 4 da 5 a kowane zagaye shi ne ke isa jikin jirgin a matsayin jijjiga, saboda haka idan kaɗawar fiffiken ta faɗa daidai kan ɗaya daga cikinsu, an ninka cutar da aka zo magancewa. Mun taɓa asarar aikin zangon karatu guda a kan haka, domin wani ɗalibi mai ƙwazo ya gama komai kafin a zana taswirar Campbell, wato zanen da ke nuna yawan kaɗawar fiffike a kowane saurin juyawa, da aka zana kuwa sai ga kaɗawar murɗawarsa zaune a kan sau 4 a kowane zagaye. Wasu masu bincike suna kusantar wurin da gangan don ƙara murɗawa, amma su sun san abin da suke yi. Ni ba na duba sakamakon kowa sai na ga taswirar, kuma sai na ga an sa tazara tsakanin kaɗawar fiffike da waɗannan bugun iska cikin sharuɗɗan lissafin tun farko.

Na biyu shi ne cibiyar nauyi, kuma a nan ba na yi wa kowa uzuri, domin darasin aji ne. Nauyin yumɓun fiyezo ya kai kusan giram 7.5 a kowace santimita kubik (cm³), na haɗin kabon kuwa kimanin 1.6 ne. Wanda ya baza fiyezo har bayan fiffike ya ja cibiyar nauyi ta wuce kashi 25 cikin ɗari na faɗinsa daga bakin gaba, kuma daga nan fiffiken ke fara karkarwar da ke iya karya shi. Abin haushin shi ne sai an gama lissafi ɗalibi zai liƙa ƙarfen daidaita nauyi a hanci, ya manta cewa ya sauya duk kaɗawar da ya lissafa. Haka ma ƙarfen titaniyam ko nikel da ake rufe bakin gaba da shi don kada yashi ya cinye shi. Wanda ya tashi cikin ƙurar hunturun Kano bai kamata a tuna masa wannan ba. Duka biyun a sa su a samfurin tun ranar farko.

Sauran ƙanana ne. Kusurwar digiri 45 daga tsawon fiffike wurin farawa ce mai kyau ga zaren fiyezo, amma a bar manhaja ta gwada kewayenta. Idan ta ba da digiri 37.4, babu mai shimfiɗa wannan da hannu, sai a mayar da ita kusurwar da za a iya yi, a sake lissafin gaba ɗaya. Zaren fiyezo samfurin MFC yana aiki ne tsakanin volt 500 a ƙasa da sifili zuwa 1,500 a sama, wuce iyakar ƙasan kuwa yana kashe masa ƙarfi. Yumɓu ba ya jure ja, don haka nake fara duba miƙewarsa kusa da gindin fiffike, inda fizgar ta fi tsanani. Kuma kada a yarda da amsar da aka samu daga mafari guda. Ni nakan sa a tayar da lissafin daga tsare-tsare mabambanta, in ga ko za su haɗu a wuri ɗaya.