Yadda za ka rufe wa yuza na gama-gari ƙofofin kanel a Linux

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne, wanda ya yi maka kutse a saba ba kasafai yake shigowa a matsayin root ba, wato akawun mai cikakken iko, yawanci yana faɗowa ne ta wani ƙaramin akawun, kamar www-data da saba ɗin yanar gizo ke aiki da shi, daga nan sai ya fara laluben hanyar hawa sama. Kuma hanyar da ta fi masa sauƙi ita ce kanel, wato zuciyar Linux da ke sarrafa na'urar, domin duk abin da kanel ya yarda ƙaramin yuza ya kira, to kod ne mai cikakken iko yake gudana dominsa, in akwai kuskure a ciki shi ke nan an gama. Don haka aikin namu shi ne mu rage yawan abubuwan da zai iya taɓawa tun farko.

Kusan komai da sysctl ake yi, wato umarnin duba saitunan kanel da canza su. Kafin ka canza wani abu ka fara duba yadda yake, misali ka buga sysctl kernel.dmesg_restrict a taminal, zai nuna maka 0 ko 1. In kana son gwaji na ɗan lokaci sai ka yi sudo sysctl -w kernel.dmesg_restrict=1, wannan zai tafi da zarar ka sake kunna na'ura. Wanda kake so ya zauna kuwa ka buɗe fayil a /etc/sysctl.d/ ka sa masa suna kamar 99-tsaro.conf, ka jera layukan a ciki, sannan sudo sysctl --system.

Fara da masu sauƙi waɗanda ba sa ɓata komai. kernel.dmesg_restrict=1 yana hana ƙaramin yuza karanta saƙonnin kanel, kernel.kptr_restrict=2 kuma yana ɓoye adireshin memori na kanel da ke fitowa a wurare irin /proc/kallsyms. Waɗannan adireshin su mai kutse ke buƙata ya san inda zai harba. Ka ƙara da kernel.unprivileged_bpf_disabled=1 (BPF hanya ce ta gudanar da ƙaramin kod a cikin kanel) da vm.unprivileged_userfaultfd=0 (userfaultfd na ba furogiram damar kula da shafukan memori da kansa) da kernel.kexec_load_disabled=1 (kexec na loda wani sabon kanel a kan wanda ke aiki). Ka kula fa, na BPF in ka sa shi 1 ba ya komawa sai an sake kunna na'ura, in kana so ka bar wa kanka damar buɗewa daga baya to 2 za ka sa.

Sai io_uring. Wannan fasaha ce ta hanzarta karatu da rubutu a diski da netwok, tana da sauri ba ƙarya, amma ta zo da ramuka da yawa, wato kurakuran tsaro. A 2023 Google sun ce kusan kashi 60 cikin 100 na hanyoyin kutsen kanel da aka kawo musu a shirinsu na biyan lada ta io_uring suka bi, har suka kashe ta a ChromeOS da sabobinsu. Daga kanel 6.6 zuwa sama akwai kernel.io_uring_disabled, in ka sa 2 an kashe wa kowa, in ka sa 1 sai masu iko da 'yan rukunin da ka ware kawai. Ni dai a ganina in ba ka san wata manhaja taka da ke amfani da ita ba, kashe ta kawai, yawancin manhajoji suna komawa tsohuwar hanya ba tare da ka ma sani ba.

ptrace kuma shi ne ke ba wani furogiram damar leƙa cikin memorin wani, da shi gdb da strace ke aiki. kernel.yama.ptrace_scope=1 na nufin furogiram zai iya leƙa 'ya'yan da shi ya haifa ne kawai, 2 sai mai ikon admin, 3 ba kowa ko da root ne kuma ba a mayar da shi sai an sake kunnawa. A saba 2 ya isa, a kwamfutar mai rubuta kod ka bar shi a 1 kar ka wahalar da shi.

To inda maganar take da nauyi shi ne user namespaces. Tun kanel 3.8 a 2013 aka bar ƙaramin yuza ya ƙirƙiri wani ɗan keɓaɓɓen wuri inda yake zama kamar root a ciki, ba root na gaske ba ne amma hakan ya ishe shi ya kai hannu ga sassan kanel da a da sai admin ke isa gare su, irin su nf_tables na fayawol. Ramin nan na nf_tables mai lamba CVE-2024-1086 ta nan aka riƙa bi a zama root. Gwada da kanka, ka shiga da ƙaramin akawun ka buga unshare -Ur id, in ka ga uid=0(root) ya fito to ƙofar a buɗe take. Rufe ta shi ne user.max_user_namespaces=0. Amma tsaya, kar ka yi gaggawa, don su Chrome da Firefox suna amfani da wannan wajen killace shafuka, Flatpak ma haka, Podman da Docker marasa root, masu gudanar da manhaja a keɓe cikin kwantena, su ma ba za su tashi ba. Wato a kwamfutar da kake hawa intanet da ita rufewar na iya rage maka tsaro maimakon ta ƙara. A saba da ba ta gudanar da kwantena kuwa, rufe ba tare da wani tunani ba. Masu Ubuntu 24.04 an ɗan sauƙaƙa muku, akwai kernel.apparmor_restrict_unprivileged_userns da ke zuwa a kunne, yana barin manhajojin da ke da izini a AppArmor, wato tsarin da ke iyakance abin da kowace manhaja za ta iya yi, ne kawai su yi amfani da user namespaces, don Allah kar ka kashe shi saboda wata manhaja ɗaya ta ƙi buɗewa, ka rubuta mata furofayil nata na AppArmor.

Akwai kuma kernel.modules_disabled=1 da ke hana loda kowane modul, wato ƙarin kod da ake haɗa wa kanel kamar direba, shi ma ba ya komawa. Kar ka sa shi a fayil ɗin sysctl kai tsaye, zai iya kamawa kafin direban katin netwok ya hau ka rasa hanyar shiga sabarka ta SSH. Ka sa shi ya gudana can ƙarshe bayan komai ya tashi.

Ka riƙa sa layi ɗaya-ɗaya da sysctl -w, ka sake tayar da manhajojinka, ka duba saƙonnin na'ura da journalctl ko akwai inda aka ce Operation not permitted, in lafiya sannan ka kwafe shi zuwa fayil.