Yadda Jama'ar Gari Ke Farfaɗo Da Wurin Ninkaya Na Fili: Hanyar Da Aka Bi A Ingila

A shekarun 1930 majalisun garuruwan Ingila sun gina wuraren ninkaya marasa rufi masu yawa, waɗanda ake kira lido, amma da aka samu na cikin ɗaki masu ruwan ɗumi, kuɗin majalisu kuma ya yi ƙaranci, sai aka riƙa rufe su ɗaya bayan ɗaya. Da yawa daga cikin waɗanda suka sake buɗewa, mutanen unguwa ne suka tsaya musu, kuma hanyar da suka bi kusan iri ɗaya ce.

Abu na farko shi ne a hana rushe wurin tun kafin a yi zancen gyara. A Saltdean, kusa da Brighton, mazauna garin sun tashi tsaye a 2010 da suka ji ana shirin gina gidaje a kan tafkin ninkayar da aka gina a 1938. Matsayin da ginin yake da shi na kayan tarihi ya taimaka musu ƙwarai, domin ba a taɓa irin wannan gini sai da izini na musamman. Akwai kuma dokar 2011 da ta ba jama'a damar yi wa wuri rajista a matsayin kadarar amfanin al'umma, ta yadda idan mai shi ya so sayarwa, dole ya dakata har wata shida don su nemi kuɗin taya.

Daga nan sai a kafa ƙungiya mai rajista, mai asusun banki da amintattu, domin babu majalisar da za ta miƙa makulli ga taron jama'a kawai. A nemi yarjejeniyar haya ta shekaru masu yawa a rubuce, saboda masu ba da tallafi ba sa zuba kuɗi a ginin da za a iya ƙwacewa baɗi. Wannan mataki yana cin lokaci, kuma a nan ne gwiwar mutane da yawa take sanyi. Tafkin London Fields da ke unguwar Hackney a Landan an rufe shi a 1988, bai sake buɗewa ba sai 2006, bayan shekara 18 mazauna unguwar suna bibiyar majalisa.

Kafin a yanke adadin kuɗin da za a nema, a kira injiniya ya duba kankaren ko yana yoyo, ya duba bututu da injin tace ruwa, ya kuma faɗi gaskiya game da ƙasar da wurin yake. A ganina wannan binciken ya fi kowane taron gangami muhimmanci. Tafkin Cleveland Pools da ke birnin Bath, wanda aka gina a 1815, ya samu tallafin fam miliyan 4.7 daga asusun kula da kayan tarihi na ƙasar, aka gyara shi, aka buɗe wa jama'a a 2023, sai kogin Avon da ke gefensa ya yi ambaliya a Janairun 2024, ya lalata kayan aiki, aka sake rufewa.

Game da kuɗi, kada a rataya komai a wuyan mai bayarwa ɗaya. A Penzance, inda guguwar teku ta farfasa tafkin Jubilee Pool a 2014, ƙungiyar da ta karɓi tafkin ta sayar wa jama'a hannun jari, mutum kusan 1,400 suka haɗa fiye da fam dubu 500. Amfanin wannan ya wuce kuɗin kansa, domin wanda ya sa hannu a aljihu ba ya barin wurin ya mutu yana kallo, masu tallafi kuma sun fi sakin hannu idan suka ga gari ya fara da nasa.

Babban aikin yana farawa ne ranar da aka buɗe ƙofa. Tafki mai tsawon mita 50 da faɗin mita 15 da zurfin mita ɗaya da rabi yana cin lita sama da miliyan ɗaya, kuma dole a riƙa tace wannan ruwa dare da rana, ana auna sinadarin kulorin sau da yawa a yini. Ga albashin masu ceto, ga inshora, ga kuɗin lantarki, alhali cinikin tikiti na 'yan watannin zafi ne kawai. Shi ya sa ake haɗawa da shagon shayi, da koyar da yara iyo, da tikitin shekara, da ba da hayar ɗaki don biki. Masu sa kai za su iya riƙe ƙofa da shara da fenti, amma tsaron rai a bar wa wanda ya samu horo da takardar shaida. Ɗumama ruwa yana tsawaita lokacin ciniki, sai dai yana cin kuɗi, don haka mutanen Penzance suka haƙa rijiya mai zurfin kimanin mita 410, suka jawo ruwan ɗumi daga ƙarƙashin ƙasa, suka ɗumama wani sashe na tafkin da zafinsa, suka buɗe shi a 2020.