Yadda Za Ka Nuna wa Ɗalibai Ɓarnar Dodon Koɗin Teku a Aji

Yawancin ɗalibaina a Zariya ba su taɓa ganin teku ba, iyakarsu dam ɗin Kubanni. Idan na ce musu akwai dodon koɗin da ke cin nama, sai su yi zuru. Shi ya sa na daina dogon bayani, na koma sa su gwada da hannunsu.

Da farko ka nemo ɓawon kawa, wato 'yar uwar makankari da ke zama a ruwan gishiri, wadda dodon koɗin ke ci. Masu haɗa abincin kaji suna amfani da shi, sai ka roƙi gutsure masu ɗan faɗi. In bai samu ba, ɓawon ƙwai ma ya isa. Ka haɗa da lemun tsami da ƙaramar ƙusa.

Ka fara ba yaro ƙusar ya kankare ɓawon a bushe. Zai gaji bai yi komai ba. Daga nan a ɗiga ruwan lemun a wuri guda, a matso a duba: 'yan ƙananan kumfa za su riƙa tasowa. A jira kaɗan, a kankare, a sake ɗigawa. Kada ka yi gaggawa a nan, domin darasin ke nan gaba ɗaya. Haka dodon koɗin da masana ke kira Urosalpinx cinerea yake yi. Yana da wata gaɓa a ƙafarsa mai fitar da ruwan da ke tausasa ɓawo, sai ya bi da harshensa mai kaushi kamar zarto, yau da gobe har ya huda ɗan rami zagayayye ya cinye naman ciki. Wata yarinya ta taɓa ɗago kai ta ce, "Malam, ita kawar ba ta guduwa?" Ina fa, a manne take wuri ɗaya har mutuwarta.

Sai ka rataya taswira. Asalin wannan dodon koɗi gaɓar gabashin Amurka ne, ya bi kawar da aka kai Ingila don kiwo, ya zame wa masu kiwonta a Essex annoba.

Ka ƙare da wani babban dodon koɗin, Rapana venosa, ɗan tekunan Japan da Koriya da Sin. A 1947 aka fara ganinsa a Baƙin Teku kusa da birnin Novorossiysk na Rasha, kuma ya yi kaca-kaca da kawar Gudauta, wani gari a gaɓar wannan tekun. A 1998 ya ɓulla a mashigin tekun Chesapeake na Amurka, ana kyautata zaton ƙananansa sun biyo ruwan da jiragen ruwa ke ɗiba don daidaita nauyi. Shi idan ya girma bai cika huda ba, yakan lulluɓe kawar da ƙafarsa har ta buɗe. Ka sa yara su bi hanyar da yatsa a kan taswirar, daga Japan har Amurka, su ƙirga tekunan da ya tsallake.